Taƙi Ɗaya a Bakin Tef

"Ja shi ya miƙe, Tela. Ba wandon mutum kake aunawa ba."

Ina tsaye a cikin kwamin ninƙaya da aka zuƙe wa ruwa don a wanke shi, na nannaɗe ƙafar wando, tayil sai santsi yake a ƙarƙashina. Baba Safiyo yana can ɗaya ƙarshen, ya jingina da bango yana haki, riƙe da gidan tef ɗinsa na awon fili, irin mai mariƙin da ake juyawa. Bakin tef ɗin yana hannuna.

"A layin shuɗin tayil za ka sa, inda ruwa yake tsayawa. Kana kan sifili?"

"Ina kai, Baba."

Na danna zoben bakin tef ɗin a bango da babban yatsa, yadda nake danna nawa a kafaɗar mai ɗinki shekara talatin ke nan. Ya ɗaga tabarau, ya sauke, ya sake ɗagawa.

"Ashirin da huɗu da tamanin," in ji shi. "Saki ka sake."

Na saki na sake dannawa. Abin da ya gani da farko shi ya sake gani.

Mai Usur, wanda ke tsaron masu iyo, yana sama da tiyo a hannu yana wanke gefe. Ya ce, "Haba Baba, kowa ya san mita ashirin da biyar ne. Ga shi can a allo."

"Wa ya rubuta?"

"Oho. Na zo na tarar."

"To ni tef na sani, ban san allo ba."

Ya naɗe tef ɗinsa a hankali. Sai da ni da Mai Usur muka kama shi kafin ya iya hawa tsani.

Baba Safiyo maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da shagona. Ma'aunin hanya ne da ya yi ritaya, kuma duk layinmu ba wanda ya damu da sunansa na yanka. Mutum ne da idan ka ce masa kasuwa tafiyar minti goma ce, sai ya tambaye ka da ƙafar wa. Shekara uku kafin wannan rana likita ya ce masa ƙiba da hawan jini za su kai shi ƙasa in bai motsa jiki ba, gwiwoyinsa kuma ba su yarda da tafiya ba, sai ruwa. Ya je gidan wasanni sau huɗu ya dawo ya ce shi ba zai iya ba. Ba ruwan ne ya gagare shi ba. Cewa ya yi bai taɓa ganin aikin banza irin mutum ya je bango ya dawo ba, bai je ko'ina ba.

Matarsa, Malama, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a firamare kuma ta san yadda ake bi da mai taurin kai, ita ta ciro masa wata tsohuwar taswira daga ƙasan akwati. Taswirar hanya ce ta kilomita ɗari uku, aikinsa na farko yana saurayi, wadda ya taka da ƙafa yana awo daga tasha har wata gada. Ta manna ta a bangon falo, ta soka allura mai jan kai a farkon hanyar, ta ce, "Ga inda za ka je."

Tun daga nan ba a sake jin kansa ba. Sawu ɗaya daga bango zuwa bango mita ashirin da biyar, sawu arba'in kilomita ɗaya. Ya zo shagona ya karɓi maɓallai arba'in da gwangwani biyu. Yana ajiye su a bakin kwami, kowane sawu ya ɗauki maɓalli ɗaya ya jefa a ɗaya gwangwanin, don ya ce ƙwaƙwalwa tana yi wa mai ita son kai a cikin ruwa. In ya dawo gida ya rubuta a littafi, ya matsar da allura da rula. Da yamma kuma ya zauna a bencin shagona ya ba ni labarin inda ya kai, ko na tambaya ko ban tambaya ba.

"Yau na wuce inda motarmu ta kafe kwana biyu."

"Sannu da hanya. Ka sha ƙura?"

"Ruwa na sha, sakarai."

Sau uku na rage masa ƙugun wando a shekarar farko. Sauran masu iyon safe, wani mai kemis da wasu mata biyu ma'aikatan banki, su ma suka kwaikwaye shi suka fara ƙirga nasu, amma su a agogon hannu. Baba ya ce agogon da bai taɓa shiga daji ba ba zai gaya masa nisa ba.

Yana kilomita ɗari biyu da tamanin da wani abu numfashi ya fara yi masa gardama. Sawu arba'in ya koma ashirin, ashirin ya koma goma. Likita ya ce akwai abin da ya lalace a zuciyar, sai an yi aiki, kuma kada a ja lokaci. Baba ya ce ya ji, amma sai ya isa gada. Malama ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta sa 'ya'yansu suka yi ta kira daga garuruwan da suke, ya yi kunnen uwar shegu da kowa. A ƙarshe suka yi yarjejeniya a gabana. Saura kilomita biyu, sawu goma a rana, kwana takwas ke nan. Zai gama zuwa Laraba ta sama, ranar Alhamis ya kwanta a asibiti. Ni kuma aka ɗora mini kai shi da dawo da shi a babur, tunda an hana shi tuƙi.

Ranar Litinin ɗin da muka tarar an zuƙe ruwa, da wani ne da ya juya gida ya huta. Shi kuwa ya tsaya yana kallon kwamin nan wayam, idonsa har ƙyalli yake. Ya ce shekara uku yana jiran ya gan shi haka. Ashe tef ɗin yana cikin jakarsa tun ba yau ba.

Da muka koma gida bai ko cire hula ba, ya zauna da littafi da fensir. Ina tsaye a bakin ƙofa, Malama tana yankan albasa a faranti a kan cinyarta.

"Santimita ashirin a kowane sawu," in ji shi. "Sawu dubu goma sha ɗaya da ɗari tara da ashirin. Kilomita biyu da kusan ɗari huɗu na ci wanda ban yi ba."

Ya tashi ya zare allurar ya mayar da ita baya.

Malama ta ajiye wuƙa. "Malam, me kake yi?"

"Gyara."

"Wa ya gani? Wa zai tambaye ka?"

"Ni na gani."

"Alhamis fa? An ba mu gado, an ba mu rana."

"A ɗaga. Kwana goma ne kawai suka ƙaru."

"Kwana goma na wa? Kai ka ajiye su?"

Ya koma kan littafinsa. Ta juyo kaina. "Tela, kai da ka riƙe masa, ba ka ce komai ba?"

Na ce, "Malama, ni dai riƙewa aka ce in yi."

Da zan fita ta biyo ni har bakin titi, ta rage murya. "Ka ce masa hannunka ne ya goce. Ka ce ba ka riƙe daidai ba. Zai yarda da kai."

Raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutumin da abincinsa tef ne, a ce ya je ya ce bai iya riƙe tef ba. Na ce mata ba zan yi wa dattijo ƙarya ba, kuma ko na yi zai gane. Ta kalle ni ta koma ciki.

Aka cika kwami ranar Talata, Laraba muka ci gaba. Aka ɗaga ranar asibiti da mako biyu. Kullum ƙarfe bakwai na safe ina zaune a kujerar roba da jakarsa a cinyata, ina kallonsa yana tafiya a layin da ke jikin bango. Iyonsa ba abin kallo ba ne. Hannu ɗaya ya fita, ya daɗe a sama kamar mai tsayar da mota, sannan ya faɗa. A kowane bango sai ya kama ƙarfe ya huta, ya laluba maɓalli. Mai Usur ya daina zama a kujerarsa, yana bin sa ta gefe kamar yawo kawai yake yi.

Mai kemis ya taɓa ce masa, "Baba, mu haɗa maka mana. Ni in yi maka mita ɗari biyar, matan nan su yi ɗari biyar, ka rubuta."

Baba ya ce, "In ka ci abinci ni nake ƙoshi?"

A rana ta goma sha uku ya gama sawunsa goma, ya shiga ɗakin canza kaya, bai fito ba. Mai Usur ne ya same shi zaune a ƙasa, ya jingina da lokar ajiye kaya, tawul a wuya, leɓɓansa sun canza launi. Motar mai kemis ce ta kai shi asibiti.

Ya kwana biyar a can. Likita ya ce yanzu zuciyar ba za ta ɗauki aiki ba. Malama ta tambaye shi ko da sun zo ranar da aka fara ba su da an yi. Ya ce da an yi, amma ba zai iya rantsewa cewa da ya tashi ba. Aka sallamo shi gida da tulun iska da magunguna cikin leda. Ya sa aka kawo gadonsa falo. Allurar tana nan inda ya bar ta, saura kilomita ɗaya da ɗan kai.

Jakarsa ta iyo kuwa tana shagona tun ranar da ya faɗi, a ƙarƙashin teburin yanka, na manta da ita. Wata mata ta kawo yadin labule na ɗakin taro, doguwar ƙyalle, ta ce mita shida ce. Tef ɗina gajere ne, sai an yi ta ɗagawa ana sakewa, sai na tuna da na Baba. Na ciro shi, na sa zobe a bakin yadi, na ja.

"Hajiya, an cuce ki. Biyar da tamanin ne."

"Ba dai wannan ba. A gabana aka auna."

Na ɗauko nawa don in nuna mata. Na auna sau huɗu, kowane mita ɗaya da rabi, shida cif.

Na dawo da na Baba kan tebur na shimfiɗa bakinsa a ƙarƙashin fitilar keken ɗinki. Daga zoben, tef ɗin fari ne fat, ba lamba ba zane. Sai da aka yi taƙi ɗaya, kamar santimita ashirin, sannan ga ɗan jan layi, da sifili a kansa, ya koɗe har sai ka sa ido. Farin wurin na naɗewa a hannu ne, don a ja da ƙarfi. Mu tef ɗinmu daga baki yake farawa. Ban taɓa ganin wanda ba haka ba, ban kuma duba ba.

Matar ta ce, "Tela, lafiya?"

Na ce ta dawo jibi.

Ranar ban shiga gidan Baba ba. Na ɗinka hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai. Na yi tunanin in mayar da tef ɗin jaka in yi shiru, don ba mai sake buɗe shi. Tsoro nake ji, kuma ba tsoron Baba ba ne.

Washegari da hantsi na shiga. Malama tana kicin, ina jin ƙarar tukunya. Baba yana kwance an tokare shi da matasai uku, robar iska a hanci, ƙafafunsa sun kumbura sun cika bargo. Na zauna a bakin gado na warware bakin tef ɗin a kan ƙirjinsa.

"Baba, ranar nan, a nan na riƙe." Na nuna zoben.

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa a kan zoben, ya ja shi a hankali har jan layin.

"Na tambaye ka ko kana kan sifili."

"Ka tambaya."

"Shekara talatin da biyar," in ji shi, yana tsayawa yana jan iska, "ban taɓa yarda da mai riƙe kai ba sai na taka na duba da idona. Ranar nan ƙafata ce ta ƙi. Na kalli nisan, na ce ai Tela ne."

Na tsaya ina kallon jan layin.

"Kada ka tsaya kana yi mini fuskar makoki. Je ka sake aunawa."

"Baba, ai a fili yake. Ashirin da huɗu da tamanin, a ƙara ashirin..."

"Wannan lissafi ne. Awo na ce. Kai ka karanta, wani ya riƙe. Ka nuna masa layin."

Na hau babur. Ruwa cike yake, matan banki suna ciki. Na gaya wa Mai Usur abin da ya kawo ni, ya tuɓe riga ya shiga. Ya naɗe farin bakin a hannunsa, ya danna jan layin a bango, na sunkuya na duba da idona kafin in tafi ɗaya ƙarshen. Matan suka koma gefe suka tsaya cikin ruwa har wuya suna kallonmu. Na kwanta rub da ciki a bakin kwamin na ja tef har ya daina lilo. Muka saki muka sake.

Da na dawo gaban rigata a jiƙe yake. Malama tana zaune kusa da shi da kofi da cokali.

"Nawa?" in ji Baba, idonsa a rufe.

"Ashirin da biyar cif."

"Sau nawa?"

"Sau biyu."

"Wa ya riƙe?"

"Mai Usur. Na duba."

Ya ce a ba shi littafi. Hannunsa bai iya riƙe fensir ba, sai ya sa Malama ta karanto masa kwanakin, yana ƙirgawa da yatsu a kan bargo. A na takwas ya tsaya.

"Laraba," in ji shi. "Wace Larabar ce ma?"

Na ce, "Ranar da aka ɗauke maka silifas ka dawo da na Mai Usur."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Na haye gada ina zagin ɓarawon takalmi." Ya huta. "Har na wuce ta da kilomita ɗaya da kwata. Can ba hanya, Tela, gonar mutane ce."

Malama tana kallonsa, tana kallona. "Me ake ciki ne? Wane awo kuma?"

"Kwamin daidai yake, Malama," in ji shi. "Kuskuren awo ne. Nawa ne. Sa mini allurar a gada."

Ta kalli jiƙaƙƙen tef ɗin da ke hannuna, ta kalli fuskata. Mace ce da ta yi shekara talatin tana gane wanda ya fasa taga ba tare da an gaya mata ba. Ta ajiye kofin, ta tashi, ta zare allurar ta soka a ƙarshen hanyar. Ya ce ta ɗan matsa hagu kaɗan. Ta matsar.

Ya rasu washegari da rana, wajen ƙarfe biyu, ina shago ina ɗinkin labulen nan. Kukan 'yarsu da ta iso da safe na ji ta katanga, na tsayar da keke. Mutane sun zo da yawa. Mai kemis ya zo, matan banki sun zo da kayan aiki a jikinsu, Mai Usur ya zo ya tsaya a baya. Na yi duk abin da maƙwabci yake yi, na ɗauko benci, na nuna wa baƙi inda za su ajiye mota. Malama ta amsa gaisuwata kamar yadda ta amsa ta kowa.

Sai da gida ya watse, bayan mako biyu, na kai mata jakar. Na same ta a falo ita kaɗai, an fitar da gadon, tana zaune a teburin cin abinci tana ware magungunan da suka rage. Na ajiye jakar a kujera na ce ga kayan Baba.

"Zauna, Tela."

Na zauna.

"Ranar da na bi ka bakin titi na ce ka ce hannunka ne."

"Na tuna."

"Ashe da ka faɗa, gaskiya ka faɗa."

Na sunkuyar da kai. Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta ci gaba da jera kwalaye, masu sauran magani gefe ɗaya, wofi gefe ɗaya.

"Ni ban iya santimita ba," in ji ta can. "Ƙananan aji na koyar, kuma an daɗe. Kamar nawa ne a ido?"

"Taƙi ɗaya, Malama."

Ta ture kwalayen gefe. Ta ɗora hannunta na dama a kan teburin, ta kafa babban yatsa, ta buɗe sauran iya buɗuwarsu. Hannunta ƙarami ne, bai kai ba, sai ta ɗan ƙara matsar da yatsan tsakiya da ɗaya hannun. Ta bar shi a nan a buɗe a kan ledar tebur tana kallo. A waje wani yana ƙwanƙwasa ƙofar shagona yana kiran Tela, ban tashi ba.